Kwamfutar da Malam Haladu Ya Kafa a Gonar Makaranta

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Malam Haladu makwancinsa a Kausani, kuma har yau idan na bi ta gefen gonar makarantarmu sai in ji kamar zan hango shi tsaye a tsakiyar shuka, ya naɗe hannun riga, alli ya yi masa fari fat a yatsu. Taubashina ne, mahaifiyarsa da mahaifina ciki ɗaya suka fito. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka yi karatu, tare kuma muka ƙare a makaranta ɗaya muna koyarwa, shi lissafi, ni aikin gona. Saboda haka mai karatu ya sani, duk abin da zan faɗa a nan daga bakin wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsokanar Haladu ya fito. Ban taɓa yabonsa a gabansa ba, tsakanin taubasai ba a yin haka. Yau da ba ya nan zan yi, kuma ba zan rage komai ba.

Abin da ya tayar min da wannan tunani, kwanan baya 'yata da ke karatu a jami'a ta zo hutu, ta nuna min wani abu a wayarta. Ta ce wa wayar ta rubuta mata umarnin da zai sa kwamfuta ta zaƙulo lambobin da ba sa rabuwa tsakanin lamba kaza da lamba kaza. Kafin in kai kofin shayi bakina, wayar ta gama. Na ce mata, "Ke nan abin da kawunki Haladu ya kusa ƙarar da takalminsa a kai?" Ta yi dariya, ita a ganinta wasa nake. Wallahi ba wasa nake ba.

Bari in yi wa waɗanda lissafi ya wahalar irina bayani, yadda shi ya yi min. Ɗauki gyaɗa goma sha biyu. Za ka iya raba ta tsibi biyu daidai, ko uku, ko huɗu, ko shida, babu ragowa. To ɗauki goma sha uku. Duk yadda ka juya ta sai an samu saura, sai dai ka bar ta tsibi guda ko ka watsa ta ɗai-ɗai. Irin waɗannan lambobi, biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, su Haladu ke kira masu taurin kai. Ni kuwa nakan ce masa ai danginsa ne, shi ya sa yake son su. Shi kuma guntun umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don ta nemo su, ɗan aike yake ce masa: ka ba shi inda zai fara da inda zai tsaya, ya je ya dawo maka da masu taurin kan da ke tsakani.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yadda garin nan ya kasance bayan sojoji sun koma bariki. Ko'ina fasta, ko'ina alkawari, kowa na jiran romon dimokuraɗiyya ya iso ƙofar gidansa. Mu namu romon ya zo ne a kwalaye. Wani wakili da muka zaɓa ya turo wa makarantarmu ta je-ka-ka-dawo kwamfutoci uku, aka yi taro, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, kowa ya watse. Sai bayan an watse aka tuna makarantar ba ta da wutar lantarki, ko turken wuta ɗaya bai iso mu ba. Shugaban makaranta ya sa aka jera kwalayen a ɗakin ajiya tare da garmunana da buhunan taki, ya kulle. Mu malamai muka mayar da abin na barkwanci. Ni ne ma kan gaba, nakan ce wa Haladu ya ba ni kwali ɗaya in sa wa kazata ta yi kwanci.

Haladu bai yi dariya ba. Shi kaɗai a cikinmu ya taɓa zama gaban kwamfuta, a wani kwas da ya yi a Kano lokacin hutu, kuma tun daga nan abin ya shige masa rai. Da labari ya zo daga ofishin ilimi cewa za a kwashe kwamfutocin a kai wata makaranta a cikin gari inda akwai wuta, ranar ko abincin rana bai ci ba. Gaskiya ba za ka zargi masu shawarar ba, kaya na zaune suna cin ƙura alhali wasu yara na iya amfana. Amma Haladu ya san abin da mu ma muka sani: duk abin da ya tsallaka zuwa cikin gari ba ya dawowa ƙauye. Idan suka tafi, yaran Kausani da Lajawa sun yi ban kwana da kwamfuta ke nan, su da ƙannensu.

Ya hau kekensa ya tafi wurin mai duba makarantu, wani dattijo da ake kira Malam Sabo, wanda shi ma tsohon malamin lissafi ne, mutum mai ƙarancin magana. Abin da suka ƙulla shi ne, a bar kayan har ƙarshen zango. Ranar da Malam Sabo zai zo, zai zaɓi ɗalibi da kansa, ya ba shi lambobi biyu da kansa, ɗalibin ya rubuta umarnin a gabansa, kwamfuta ta kawo amsa. Malamin aji ba zai buɗe baki ba. In an yi, kaya sun zauna. In ba a yi ba, a motar da ya zo a cikinta za a loda su. Da Haladu ya dawo ya faɗa min, na ce, "Kai yanzu da hankalinka? Yaran da ko kunna rediyon babansu ba a barinsu?" Ya ce, "Sarkin Noma, gonarka nake so ka ara min."

Abin da ya yi da gonar nan shi ne dalilin wannan rubutu. Damina ta ja baya, mun cire gyaɗa, kunyoyin gonar suna nan a jere kamar yadda garma ta bar su. Haladu ya sa aka ba kowace kunya lamba, aka rubuta a guntun kwali aka soke a bakinta. Ya ce wa 'yan aji, tunda kwamfuta ba ta da wuta, su ne za su zama kwamfutar. Ɗalibi ɗaya shi ne mai tafiya, yana bin kunyoyi ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya tsaya sai ya kira lambar da ƙarfi. Gefe guda ga masu rabo a zaune a layi da tulin tsakuwa, na farko aikinsa raba lambar tsibi biyu, na biye tsibi uku, haka har ƙarshen layi. Wanda duk rabonsa ya fita daidai sai ya ɗaga murya ya ce, "Ta rabu!" Mai tafiya ya wuce gaba. Idan aka bi layi kaf babu wanda ya ce uffan, sai mai tafiya ya kafa karan dawa a kan kunyar. Da an kai ƙarshe, a waiwaya a ƙirga karare, su ne amsa.

Daga nan sai a koma aji, ya ce kowa ya rubuta abin da ya yi a gona, layi-layi, da 'yan kalmomin Turancin da kwamfuta ke ganewa. Fara daga nan. Tsaya a can. In ta rabu, wuce. In ba ta rabu ba, rubuta ta. Ya yanka kwalaye ya zana musu madannai a kai, girman na gaske, harafi a inda harafi yake, suna ta dannawa da yatsu babu abin da ke fitowa. Mutanen da ke wucewa zuwa kasuwa ranar Juma'a sukan tsaya da jakunansu suna kallon yara na ihu a gonar da babu shuka. Wani tsoho ya taɓa jana gefe ya tambaye ni cikin tausayi ko an nema wa ɗan'uwan nawa magani. Na ce masa ana kan nema.

Amma ni da nake tsaye a wurin kullum, don kada su tattake min gona, na ga abin da ke faruwa. Yaran da ba sa iya haddace jadawalin sau suka fara gardama a kan ko tamanin da bakwai za ta rabu. Su da kansu suka gano ba sai an bi layin masu rabo har ƙarshe ba, akwai inda in an kai ba a samu ba, to ba za a samu ba. Ranar Haladu har rawa ya taka a kan kunya, babban mutum da gemunsa. Cikin masu tafiya babu kamar wata yarinya daga Lajawa, Hansatu, doguwa marar son surutu, wadda kullum da ƙafa take zuwa makaranta. Ita ba ta tsallake kunya, ba ta kuma kiran lamba sau biyu.

Ana saura 'yan kwanaki, Haladu ya samo aron ƙaramin janareta wurin wani tela a Sabon Gari, muka ɗauko shi a bayan babur ina riƙe da shi kamar jariri. Aka buɗe kwali ɗaya. Yara suka shigo sahu-sahu, kowa ya taɓa madannai na gaske. Suka rubuta umarninsu, aka gwada daga ɗaya zuwa hamsin, aka gwada daga ɗaya zuwa ɗari, amsa ta fito daidai da kararen gona, babu ƙari babu ragi. Haladu ya dube ni ya ɗaga gira. Na ce masa sa'a ce.

Ranar da aka sa, Malam Sabo ya iso da hantsi a motar a-kori-kura, ya sa direba ya juya bayanta ya fuskanci ƙofar ɗakin ajiya. Kowa ya gane ma'anar hakan. Bayan an gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, ya shiga aji ya zauna, ya bi fuskokin yara da kallo, ya nuna Hansatu. Ta zauna gaban kwamfuta ta rubuta umarninta da yatsa ɗaya, a hankali, janareta na ta ƙugi a bayan taga. Da ta gama ya ce, "'Yata, daga hamsin zuwa ɗari da ɗaya." Ta danna. Lambobi suka gangaro a fuskar kwamfutar, hamsin da uku, hamsin da tara, sittin da ɗaya, har zuwa casa'in da bakwai, suka tsaya. Yara suka fara murmushi. Malam Sabo ya gyara tabarau ya ce, "Saura ɗaya. Ina ɗari da ɗaya? Ita ma ba ta rabuwa."

Na dubi Haladu, na ga fuskarsa ta canza, ya gano inda matsalar take a daidai wannan lokacin, kuma bakinsa a ɗaure yake da alkawari. Ya harɗe hannuwa a baya ya kafa ido a ƙasa. Ni da ban san komai a kwamfuta ba gumi ya jiƙa min riga.

Ga abin da ya faru, kuma duk ɗan manomi zai gane shi. A wurinmu kunyar ƙarshe ta gona ba ta kowa ba ce. Ita ce iyaka tsakaninka da maƙwabci, ba ka nome ta, ba ka shuka a kanta, ba ka ma taka ta in ba dole ba. Da wannan ake rainonmu, yaro tun yana kai wa babansa fura gona yake jin tsawa a kanta, don an sha ganin zumunci ya lalace a kan tafin hannu ɗaya na ƙasa. To su yaran nan, duk lokacin da malam ya ce daga kaza zuwa kaza, sai su ɗauki ta ƙarshen a matsayin iyaka. Mai tafiya na isa gabanta sai ya ja birki ya juyo. Haka suka yi a gona, haka suka rubuta a takarda: a tsaya saura ɗaya. Haladu kuwa, da yake shi ma ɗan manomi ne, idonsa bai taɓa ganin aibin hakan ba. Kuma kullum a kan talatin ko hamsin ko ɗari yake tsayar da su, lambobin da dama rabuwa suke, ko an taka su ko ba a taka ba amsa ɗaya ce. Malam Sabo tsohon hannu ne, da gangan ya ajiye iyakarsa a kan mai taurin kai.

Hansatu ta daɗe tana kallon abin da ta rubuta, tana bin layukan da yatsa, leɓenta na motsi. Na san abin da take yi, tafiya take a gona a cikin kanta. Can ta juyo ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗari da ɗaya ita ce iyaka. Ban san an ba mu ita ba. Tana ciki ne ko tana waje?" Malam Sabo ya dube ta. Sannan ya ce, "A gonar mahaifina tana waje. A nan tana ciki." Ta juya, ta nemo inda ta rubuta a rage ɗaya, ta goge shi, ta sake dannawa. Lambobin suka sake gangarowa, a ƙarƙashin casa'in da bakwai sai ga ɗari da ɗaya ta zauna daram.

Ba zan iya kwatanta ihun da yaran nan suka yi ba. Malam Sabo ya bari suka lafa, sannan ya ce wa shugaban makaranta, da amsar ta fito daidai tun farko da sai ya yi zargin hadda ce, amma wanda ya gyara kuskurensa da hannunsa ya san abin da ya rubuta. Ya leƙa ta taga ya ce wa direba ya juya mota. Haka a-kori-kurar nan ta koma cikin gari wayam. Haladu ya fita bayan aji wai zai duba man janareta. Na bi shi na same shi yana goge ido da hular kansa. Na ce, "Hayaƙi ne ko?" Ya ce, "Hayaƙi ne, Sarkin Noma."

Daga ranar ya ƙara wa darasinsa doka ɗaya. Kafin mai tafiya ya ɗaga ƙafa, sai ya tsaya ya tambaya da ƙarfi ko iyaka tana ciki ko tana waje, kuma sai an ba shi amsa zai motsa. Bai ce musu al'adar gona kuskure ce ba, bai taɓa faɗin haka ba. Cewa ya yi laifin na wanda ya ba da aiki ne bai fayyace ba, da wanda ya karɓa bai tambaya ba, kuma shi ne na farko a cikin masu laifin.

Ya koyar a ɗakin da aka kafa kwamfutocin shekaru masu yawa bayan haka. Wuta ta iso daga baya, tana zuwa tana ɗaukewa yadda ta saba. An nemi a mayar da shi birni ya ƙi. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe yana jinyarsa ba, ya kwanta bayan girbi, kafin a kai amfanin gona rumbu Allah ya karɓi abinsa. A wurin jana'iza na ga samari da ban gane su ba, wasu daga Kano, wasu daga nesa, kowa ka tambaya sai ya ce ɗalibinsa ne. Wani ya ce min shi ne mai raba tsibi bakwai a layin masu rabo.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan zamani, da waya ke rubuta cikin ƙiftawar ido abin da ya ɗauke shi zango guda. Na san ba zai yi fushi ba, Haladu ba ya gaba da sabon abu, da shi zai fara ƙwace wayar ya ƙi mayarwa. Amma na tabbata abin da zai fara yi shi ne ya ba ta iyaka a kan mai taurin kai, ya zuba ido ya ga ko za ta taka. Kuma da zai tambayi mai wayar, in ta yi kuskure, kai za ka gane? Wannan tambayar ce nake jin tsoron yaran yanzu ba mai yi musu. 'Yar tawa ta ƙara min da wani abu da ya sa na yi dariya har da tari: wai a wasu harsunan kwamfuta da ake yayi yanzu, in ka ce daga kaza zuwa kaza, ta ƙarshen a waje take, sai in ka ce a haɗa da ita. Ashe masanan duniya ma ra'ayin manoman Kausani suka bi. Kaico, da Haladu na nan da na sha gori, don sai ya shekara yana min.

Kwamfutocin nan uku sun daɗe da mutuwa. Gangar jikin ɗaya tana nan a ɗakin ajiya, an ɗora mata buhun iri. Wakilin da ya kawo su ma ba kowa ke tuna sunansa ba. In da su ne abin da Haladu ya tsaya wa, da sai in ce wahalar banza ya sha. Amma ɗakin yana nan, da sababbin na'urori da faifan hasken rana a kan rufi, kuma malamar da ke koyarwa a ciki Hansatu ce. Ta yi karatunta ta dawo, da aurenta da 'ya'yanta. Ina alfahari da ita, ina alfahari da shi, kuma ina alfahari da cewa a gonata aka yi.

Ni na yi ritaya, gwiwa ba ta barina yawo sosai. Amma bayan an cire gyaɗar bana na lallaɓa na bi ta wajen makarantar, sai na jiyo murya daga gona, "Ta rabu!" Ashe har yanzu, da wutarta da komai, Hansatu ba ta barin sabon ɗalibi ya taɓa madannai sai ya yi tafiya a kan kunyoyi. Na tsaya a inuwar darbejiya ina kallo. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce mai tafiya, tana bi tana kafa kara, har ta iso kunyar ƙarshe, wadda ta raba mu da gonar maƙwabci. Ta ɗaga ƙafa za ta hau. Wallahi ban san lokacin da na ɗaga sanda na buɗe baki zan daka mata tsawa ba, shekara talatin ina hana yara taka wurin nan. Hansatu ta hango ni, ta rusuna daga inda take ta ce, "Baba, ta tambaya. An ce tana ciki."

Na sauke sandata. Yarinyar ta hau, ta kira lambarta, layin masu rabo ya yi shiru har ƙarshe, ta kafa karanta. Allah ya jiƙan Haladu, ya sa ya huta, ya kai haske kabarinsa. Na juya na kama hanyar gida ina goge ido, ga shi kuwa babu janareta a kusa balle in ce hayaƙi ne.